Ƙashin hannu ya nuna santimita 170, yayanmu kuwa dogo ne: mu haƙura cewa ba shi ba ne?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa mazaunin Gadarif a nan Sudan. Yayansa ya fita daga gida a Omdurman cikin watannin farko na yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, bai dawo ba. Da aka fara tone kaburburan wucin gadi da mutanen unguwa suka haƙa a filaye da gefen hanya don a mayar da gawarwaki maƙabarta, an sami wata gawa kusa da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Ƙasusuwan ƙafafun sun farfashe, sai likita ya auna ƙashin hannu, ya ce namiji ne, tsawonsa kamar santimita 170. Su kuwa a gida suna ƙiyasta yayansu ya kai 178. Yana so ya san yadda ake gane tsawon mutum daga ƙashin hannu, da kuma ko su cire rai daga wannan gawa.

Ɗan'uwa, da farko Allah ya ba ku haƙurin wannan jira, ya bayyana muku gaskiyar inda yayanku yake. Amsata a gajarce ita ce kada ku yanke hukunci da wannan adadi, ko na cewa shi ne, ko na cewa ba shi ba ne. Bambancin santimita takwas tsakanin abin da ƙashin hannu ya nuna da abin da iyali ke tunawa bai isa ya kore mutum ba. Yana rage ƙarfin zato, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Amma da likitan ya ce 170 ku kuma kun ce 171, da abin da zan gaya maka ke nan: a ci gaba da bincike. Bari in warware maka dalili, don ka san abin da za ka tambaya idan ka koma wurinsu.

Dogayen ƙasusuwan hannu uku ne. Akwai guda ɗaya tilo daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, wanda zan riƙa kira ƙashin damtse. A takardar likita ta Larabci za ka ga an rubuta al-adud. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu kuma biyu ne a jere. Na gefen ƙaramin yatsa, wanda kansa ne tsinin gwiwar hannun da kake dogarawa a kan tebur, shi ne az-zand. Na gefen babban yatsa shi ne al-ku'bura. Kowannensu da lissafinsa daban, don haka tambaya ta farko da za ka yi wa likita ita ce wanne ya auna. Ba a auna su da tef ɗin tela, domin ƙashi ba miƙaƙƙe ba ne sambal. Akwai wani katako na musamman mai ma'auni a jikinsa, da bango a kai ɗaya da ɗan allo mai zamewa a ɗaya kan. A kwantar da ƙashin, a jingina kansa da bangon, a zamo da allon har ya taɓa ɗaya kan, a ɗan jujjuya shi har a sami tsawo mafi girma da yake bayarwa. Ana tsanantawa haka ne saboda duk abin da aka samu za a ninka shi sau uku ko fiye. Kuskuren rabin santimita a kan katako yana komawa fiye da santimita ɗaya da rabi a tsawon mutum.

Tushen abin kuwa kowane Bahaushe ya san shi, ko da bai taɓa jin labarin wannan fanni ba. Mai sayar da saƙi da yake auna ƙyalle da kamu, ko mai igiyar rijiya da yake ƙirga gaba, ya san cewa kamun dogo ya fi na gajere, har mai saye kan yi gardama a kan da hannun wa za a auna. Sassan jiki tare suke girma, kuma gaban mutum, wato daga yatsa zuwa yatsa idan ya buɗe hannuwansa, yana kusa da tsawonsa. Ƙashin damtse yakan yi ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin biyar na tsawon baligi, ƙashin cinya kuma sama kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin su biyun. Ƙashin cinya da na ƙauri su ne ginshiƙan da mutum ke tsaye a kansu, tsawonsu yana cikin tsawonsa kai tsaye. Hannu kuwa a rataye yake a gefe, ba ya ƙara wa mutum ko yatsa ɗaya na tsayi. Rakiya kawai yake yi wa tsawon jiki, wani lokaci ya ɗan wuce, wani lokaci ya ɗan gaza. Shi ya sa duk likitan da ya sami ƙashin cinya lafiyayye ba zai waiwayi na hannu ba. Likitanku ya koma ga hannu ne don babu yadda zai yi, kuma abin da ya dace ya yi ke nan.

Lissafin da ake amfani da shi yana da tarihi, kuma sanin tarihin ne zai nuna maka iyakarsa. A 1888 wani likita Bafaranshe, Étienne Rollet, ya auna gawarwaki 100 a birnin Liyon, maza 50 mata 50, sannan ya auna dogayen ƙasusuwansu. A 1899 masanin lissafi na Ingila Karl Pearson ya ɗauki alƙaluman Rollet ya fitar da ƙa'idar da har yau ake bin salonta: a ninka tsawon ƙashi da wani adadi, a tara da wani adadin, a sami tsawon mutum. Matsalar ita ce tsawon gawa a kwance ba ɗaya yake da tsawon mai rai a tsaye ba, gawa takan ɗara da kamar santimita biyu da rabi, ga shi da yawa daga cikin mutanen Rollet tsofaffi ne. Gyaran ya zo ne daga yaƙi. A 1948 aka kai Mildred Trotter, malamar ilimin gangar jiki daga Amurka, tsibirin Hawai don ta taimaka a tantance gawarwakin sojojin Amurka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin nan an auna tsawonsu suna raye ranar da aka ɗauke su aiki, an rubuta. A karon farko ke nan aka sami ƙasusuwa masu yawa na mutanen da aka san tsayinsu na rayuwa. Ita da Goldine Gleser suka wallafa sakamakon a 1952, suka ƙara wani a 1958 daga matattun yaƙin Koriya. Waɗannan ƙa'idoji su ne suka cika littattafan da likitoci ke karantawa, har a nan Sudan.

To mu gwada su, ka gani da idonka. Trotter ta raba mutanenta fararen Amurka da baƙaƙen Amurka, maza da mata. Ga baƙin namiji, ana ninka ƙashin damtse da 3.26 a tara da 62.10. Idan ƙashin ya kai santimita 33, sakamako 169.7 ne, wato kusan abin da aka gaya muku. Ɗauki wannan ƙashi dai ka sa shi a ƙa'idar farin namiji, ninki 3.08 da ƙarin 70.45, sai ya ba ka 172.1. A ƙa'idar farar mace ya ba ka 168.9, a ta baƙar mace 166.3. Ƙashi ɗaya, amsa huɗu, tsakanin babbar da ƙaramar kusan santimita shida, kuma ba mu ma taɓo ainihin maganar ba tukuna.

Ainihin maganar ita ce kowace ƙa'ida tana zuwa da wani adadi na uku a wutsiyarta, wanda galibi shi ne yake faɗuwa a hanya tsakanin bakin likita da kunnen iyali. Shi ne ratar kuskure. Ga ƙashin damtsen baƙin namiji ratar 4.43 ce. Ma'anarta, idan ka tara maza da yawa waɗanda ƙashin damtsensu daidai yake da 33, kamar biyu cikin uku ne tsawonsu zai faɗo tsakanin 165 da 174. Sauran kashi ɗaya cikin uku suna waje. Idan kana so ka tattaro 95 cikin 100, sai ka ninka ratar biyu, ka ce daga 161 zuwa wajen 178 da rabi. Wannan ce amsar da ƙashin ya bayar a haƙiƙa. Adadin 170 tsakiyarta ce kawai. Rahoton da aka rubuta da kyau ba ya cewa "tsawonsa 170", yakan ce tsakanin kaza da kaza, ya ambaci ƙashin da aka auna da ƙa'idar da aka bi. A ganina likitan da ya ba iyali adadi guda ba tare da ya faɗi tazarar ba ya bar su cikin wahalar da ba dole ba, ko da lissafinsa daidai ne, amma na san yawan gawarwakin da ke gaban ma'aikatan mashraha, wato ɗakin ajiye gawarwaki da bincikensu, a wannan lokaci, ba zan ɗora wa kowa laifi ba.

Yanzu sa yayanka a cikin wannan tazara. Idan da gaske 178 ne, yana bakin iyaka ta sama, daga ciki. Bisa wannan ƙa'ida, cikin maza 100 masu irin wannan ƙashi kamar uku ne za su kai 178 ko su wuce. Kaɗan ne, amma akwai su. Idan kuwa tsawonsa na gaskiya 175 ne, adadin ya haura goma cikin 100, wanda ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Da kun ce mini yayanku 190 ne, irin wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki, da na ce ku haƙura, wannan ba shi ba ne. A nan ne awon tsawo yake da amfani na gaske: yana fitar da wanda ya yi nisa ƙwarai, yana rage jerin sunayen da ake nema. Akwai kuma wata ɗabi'a ta irin wannan lissafi da ta shafe ku kai tsaye. Kullum yana jan amsa zuwa matsakaicin tsawon mutanen da aka gina shi a kansu. Dogo yakan fito ƙasa da yadda yake, gajere ya fito sama da yadda yake. Saboda haka idan lissafi zai yi wa dogon mutum kuskure, ta rage masa ya fi yi.

Sai batun da ya fi damun mu a wannan ƙasa, wato ƙa'idar waɗanne mutane za a ɗauko. Al'ummomi ba su da tsarin jiki iri ɗaya. Tun 1877 masanin dabbobi Joel Allen ya lura cewa halittun wurare masu zafi gaɓoɓinsu sun fi tsawo idan aka gwada da gangar jikinsu, domin dogon hannu da doguwar ƙafa sun fi saurin fitar da zafi. Haka abin yake a ɗan Adam, kuma ya fi bayyana a ƙasusuwan da ke nesa da gangar jiki, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙasa da daga gwiwa zuwa ƙasa. Duba ƙashin gefen babban yatsa mai santimita 26. Ƙa'idar Trotter ta farin namiji tana ba da 177.3, ta baƙin namiji tana ba da 170.5. Kusan santimita bakwai, daga zaɓin layi a cikin littafi kawai. Kuma waɗancan baƙaƙen Amurka ne da aka haifa fiye da shekara 100 da suka wuce, abincinsu da rayuwarsu da gaurayar jininsu daban. Sudan kuwa ta tara kusan kowane irin tsarin jiki. Akwai Beja na gabas, da Fur da Masalit da Zagawa na yamma, da mutanen duwatsun Nuba, da Larabawan bakin Nilu, da 'yan Kudu irin Dinka waɗanda awon da aka yi musu a shekarun 1950 ya nuna matsakaicin tsawon mazansu ya haura 180. Ga mu nan kuma, Hausawa da Fulani da Barebari, daga Maiwurno da ƙauyukan Jazira zuwa Kassala da Gadarif da Damazin, asalinmu yammacin Afirka, an kuma yi auratayya iri-iri. A Omdurman duk waɗannan suna zaune a layi ɗaya. Likitan da ke riƙe da ƙashin damtse bai san na wanne ne daga cikinsu ba, dole ya zaɓi ƙa'ida ɗaya ya yi aiki da ita.

An yi ƙoƙari a cikin gida. A 2013 masanin ilimin gangar jiki Altayeb Abdalla Ahmed ya wallafa bincike a kan 'yan Sudan 200, maza 100 mata 100, masu shekara 25 zuwa 30. Ya auna tsawonsu da damtse da az-zand da tafin hannu, ya tarar az-zand ne ya fi tafiya tare da tsawon mutum, ratar kuskuren kuma daga 3.54 zuwa 5.85 gwargwadon abin da aka auna. Aiki ne mai amfani, amma ka riƙe abu biyu game da shi. Larabawan Sudan ne ya auna, don haka idan aka ɗora shi a kan Bahaushe aro aka yi. Sannan masu rai ya auna, ta saman fata, saboda haka ya fi dacewa da hannun da aka samu da namansa fiye da busasshen ƙashin da ya shekara biyu a ƙasa. Ka kuma lura cewa ko da aka yi awon a gida, ratar ba ta sauko ƙasa da uku da rabi ba. Ba gazawar masu bincike ba ce, haka Allah ya halicci mutane: mutum biyu hannunsu ɗaya, tsayinsu daban.

Akwai wasu abubuwan da ke karkatar da amsa, zan ambace su a gurguje. Shekaru: bayan talatin mutum yakan fara raguwa a hankali saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa, ƙashin hannu kuwa yana nan yadda yake. Trotter ta ce a rage santimita 0.06 a kan kowace shekara da ta haura 30, wato ɗan shekara 60 a rage masa 1.8. Yaron da bai gama girma ba ba a sa shi a wannan lissafi, domin kan ƙashin damtse na sama ba ya gama haɗewa da jikinsa sai wajen shekara 20. Wuta tana sa ƙashi ya tsuke. Ƙashin da kansa ya guntule ana iya ƙiyasta cikakken tsawonsa daga abin da ya rage, amma ƙiyasi ne a kan ƙiyasi, ratar sai ta ƙara faɗi. Wanda shan inna ya taɓa ƙafarsa, ko mai ƙusumbi, hannunsa zai nuna tsawon da bai taɓa tsayawa da shi ba. Inda aka binne mutum fiye da ɗaya a rami guda kuma, kafin komai sai an tabbatar hannun na wannan gawa ne, ta hanyar gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen da kuma gurbinsa a allon kafaɗa. Wannan ka tambaya, domin a kaburburan da aka yi cikin gaggawa ƙarƙashin ruwan harsashi abin yana faruwa.

Duk wannan a ɓangaren likita ne. Ɗaya ɓangaren shi ne naku, kuma shi ne mutane ba sa tuhuma. Daga ina kuka samo 178? An ce ido ba mudu ba ya san kima, to kima ce ya sani, bai san santimita ba. Siririn mutum yakan yi kama da dogo fiye da yadda yake, rawani da jallabiya suna ƙara masa, ƙani kuma kullum yana ganin wansa da tsayi. A Amurka an taɓa gwada tsawon da mutane suka rubuta a lasisin tuƙi da tsawonsu na gaskiya, a wani bincike na 1991, aka tarar maza sukan yi wa kansu ƙari. Shi kansa tsawon mai rai ba a tsaye yake ba, wanda aka auna da asuba ya fi wanda aka auna da magariba da santimita ɗaya zuwa biyu. Saboda haka ku nemo shaida rubutacciya. Takardar asibiti, ko ta gwajin lafiya idan ya taɓa neman aikin soja ko ɗan sanda ko tafiya aiki Saudiyya, galibi akan rubuta tsawo a cikinsu. Idan babu, hoton da yake tsaye sosai kusa da wanda ke raye yanzu, ko a bakin wata ƙofa da har yanzu tana nan, yana taimakawa: a auna mai ran ko ƙofar, a kwatanta. Littafin telansa ma kada ku raina shi. Tsawon riga da na hannun riga ba awon ƙashi ba ne, amma suna nuna ko mutum ne mai dogon hannu ko gajeren hannu gwargwadon jikinsa, kuma wannan ne ainihin abin da ake gardama a kansa.

Idan sauran ƙwarangwal ɗin yana da dama-dama, akwai hanyar da ta fi duk waɗannan ƙa'idoji. Likita Bafaranshe Georges Fully ya tsara ta a 1956, aka sabunta ta a 2006. Ana auna tsayin ƙoƙon kai, da kowane ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, da cinya, da ƙauri, da ƙasusuwan idon sawu da dunduniya, a tara su, a ƙara lissafin nama da guringuntsi. Ba ruwanta da ƙabila ko jinsi, domin mutumin kansa ake aunawa, kuma ratar kuskurenta kamar santimita biyu da ɗoriya ce. Kun ce ƙafafun sun farfashe, to watakila ba za ta yiwu ba, amma ka tambaya ko ƙashin cinya ɗaya zai haɗu idan aka jera gutsattsarinsa. Cinyar da aka harhaɗa da kyau ta fi damtse lafiyayye faɗin gaskiya.

Ko da an yi duk wannan adadi ya zo daidai, bai zama shaida ba. A 1985 aka tono wata gawa a Burazil da ake zargin ta Josef Mengele ce, likitan 'yan Nazi da aka daɗe ana farauta. Ƙwararru daga ƙasashe suka auna ƙasusuwan ƙafarsa suka sami 173.5, takardarsa ta aikin soja kuma ta ce 174. Rabin santimita kacal tsakani. Duk da haka maganar ba ta mutu ba sai a 1992, da aka gwada ƙwayoyin halittar ƙashin da jinin ɗansa. Dalili a fili yake: maza masu tsawon 174 sun fi a ƙirga. Hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, abu uku take ɗauka a matsayin shaida ta farko wajen tantance gawa: zanen yatsa, haƙora, da gwajin ƙwayoyin halitta wato DNA. Tsawo da tufafi da abin da aka samu a aljihu duk mataimaka ne.

Saboda haka idan za ku koma, ku tafi da abin da ƙashi ke iya riƙewa. Zanen fuska da tabo sun tafi da fata. Haƙora kuwa suna nan: wushirya, haƙorin Makka, wanda ya karye, wanda aka cire, wanda aka cike, da hoton da yake murmushi haƙoran gaba suna fili. Karaya ma galibi takan bar alamarta. Idan ya taɓa karyewa aka kai shi wurin maɗori, wurin ɗorin yakan bar kumburi a jikin ƙashi, wani lokaci da ɗan karkata, kuma ku ne kuka san wane hannu ko wace ƙafa ce, da shekarar da abin ya faru. Idan ma karayar a kan ƙashin da aka auna take, tana iya zama ita ce ta gajarta shi ta ɓata lissafin, alhali ita ce za ta nuna shi. Hoton asibiti na ƙirji ko na wata gaɓa, komai tsufansa, ku ɗauko. Ku tuna ko bahago ne, da irin aikin da yake yi, da ciwon da ya daɗe yana fama da shi.

Na san abin da ke damun iyaye a irin wannan hali, musamman hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ka kwantar musu da hankali cewa awon tsawo ba ya taɓa lafiyar ƙashi, ɗora shi ake yi a kan katako a sauke. Gwajin DNA ne yake buƙatar a cire haƙori ɗaya, galibi turmi, ko a yanki ɗan guntu daga tsakiyar ƙashin cinya. Ku tuntuɓi malaminku a kan wannan, ku kuma gaya masa abin da ke rataye a kai: takabar matarsa idan yana da aure, da gadon 'ya'yansa, da haƙƙin wani gidan da watakila ɗansu ne ke kwance a wurin suna can suna nemansa. Hukuncin wanda ya ɓace hurumin alƙali ne, amma alƙali da hujja yake aiki, kuma adadin 170 ba hujja ba ce a kowane ɓangare.

Abin da zan roƙe ka ka tsaya a kansa shi ne kada a sake binne gawar ba tare da an ɗebi samfuri an adana ba, ko da babu halin yin gwajin yanzu. Zafin ƙasarmu yana lalata ƙwayoyin halitta da sauri, kowace bazara da ta wuce tana rage abin da za a samu. Ka nemi lambar da aka ba gawar, da lambar kabarin da sunan maƙabartar, da kwafin rahoton likita ta hannun niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, a ga an rubuta ƙashin da aka auna da tsawonsa da ƙa'idar da aka bi. Da wannan adadi na ƙashi kowane masani zai iya sake lissafin ko bayan shekara goma. Ku kuma yi rajistar sunan yayanku cikin waɗanda suka ɓace a ofishin ƙungiyar agaji ta Hilalul Ahmar (Red Crescent) mafi kusa da ku, domin suna aiki tare da ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross wajen neman waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu. Idan aka zo ɗaukar samfurin dangi, na mahaifiya da mahaifi da 'ya'yan cikinsa ya fi ƙarfi. Naka na ƙani yana taimakawa, amma shi kaɗai ba kasafai yake yanke magana ba, musamman idan uba kawai kuka haɗa ko uwa kawai. Idan Hajiya na raye kuma tana da ƙarfin tafiya, ita za a fara kaiwa.